SUNAN DA KE BUƊE ƘOFA

Na Habibatu Jalo

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa labarina ya fara tafiyar hawainiya, na ji na gode. Ki karanta na yau ki ga waɗanda suka fi ni.

*

Obadiya, daraktan fim ɗin, ya sake danna saƙon muryar, kamar in an maimaita maganar za ta canza.

"Darakta, ni ba na son dogon turanci. In ƙofar jirgin nan ba ta buɗe a kashin wannan Juma'ar ba, na ba masu barkwanci filinku. Mutane sun gaji. A gaida Dorcas."

"Har da gaisuwa," in ji Dorcas, ta kifa kanta a kan teburi.

Shugaban shirye-shirye na gidan talabijin ɗin ke nan, mutumin da ba ya maimaita magana. Dorcas ta san wahalar da ta sha tana yawo da labarin Baƙon Miri ofis-ofis, ana ce mata wa zai kalli jirgin wata duniya da Hausa, kafin Allah ya sa aka ba su rabin awa ranar Juma'a. Yanzu rabin awar ce take neman suɓuce mata, kuma ita ce marubuciyar, kowa ita zai nuna da yatsa.

Obadiya ya jawo kujera ya zauna a ɗan ɗakin hayar nan na Yelwa da suka mayar ofis, ya shiga karanta musu abin da masu kallo suka rubuta.

"Wannan ta ce, tun ina da ciki tsohuwar nan take tsaye a bakin ƙofa, ga shi har an yi suna."

"Ya isa."

"Wannan kuma ya ce a ba shi kwatancen wurin, yana da mai walda a Wunti."

"Obadiya, na ce ya isa!"

Abin haushin, gaskiyarsu ne. Yadda Dorcas ta tsara abinta, tafiya ce mai kyau. Kashi na ɗaya jirgi ya sauka bayan dutsen Miri. Na biyu aka ji murya daga ciki, muryar Nu'uman, yaro makiyayi da ya ɓace shekaru da yawa. Na uku muryar ta faɗi sharaɗi, cewa ƙofar ba ta buɗewa sai uwar da ta haife shi ta kira shi da sunansa na yanka. Na huɗu ya kamata uwa ta kira, ƙofa ta buɗe, labari ya miƙe: me ya gani a can, su wa suka ɗauke shi, me ya biyo shi.

To a nan mota ta kafe.

Inna Hamsatu, dattijuwar da ke fitowa a matsayin uwar, ta kasa faɗin sunan. Ran farko ta ce maƙogwaronta na ciwo. Rana ta biyu ta tsaya gaban kamara ta ce "Lukman". Aka sake, ta ce "Usman". Aka sake, ta ce "Nuhu", har mai riƙe da sandar ɗaukar sauti ya zauna a ƙasa don dariya. Canza ta kuwa ba ya yiwuwa, don ita masu kallo suka fi so a duk fim ɗin.

Sai Dorcas ta koma ƙara wa miya ruwa. Ta rubuta kashi guda a kan malaman jami'a suna ƙwanƙwasa ƙarfen jirgi. Ta rubuta wani a kan taron masu unguwa. Da abin ya ci tura har awaki ta saka suka cinye wayoyin masu bincike, kuma wallahi makon da aka nuna wannan ko cocin unguwarsu ba ta iya zuwa ba don kunya.

"Ƙa'idar abin ɗaya ce," in ji Obadiya. "Kowane kashi ka ba mai kallo abu ɗaya ya tafi da shi gida, ka riƙe ɗaya a aljihu. Mu mun riƙe duka, har da canjinsa. Ga shawara. Gobe a Miri a ɗauki bayanta kawai. 'Yar wasanmu Patience ta iya muryar tsofaffi, ta faɗi sunan, edita ya ɗora. Shi ke nan."

"Ba zan ɗora ba."

Duka suka juya. Ɗanlarai ne, editansu, wanda tun ɗazu ya ba su baya yana fuskantar kwamfuta. Shi ke haɗa hotunan taurari, shi ke yin muryar mutumin cikin jirgi, kuma mutum ne da sai a wuni ba a ji ta bakinsa ba.

"Me ka ce?"

"Muryarta, ko kuwa a bar shi."

"A bar shi? Ka ji saƙon nan kuwa?"

"Masu kallo za su gane."

"Masu kallon da suka yarda tankin ruwa jirgin sama ne?"

Ɗanlarai ya miƙe ya zari makullin mashin ɗinsa, makullin ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, ya sake faɗuwa.

Dorcas ta bi hannunsa da kallo har ya fita.

Ita dai Allah ya yi ta da son bin diddigi, tun tana yarinya uwarta ke ce mata kaza mai tone-tone. Matar da ake karanta wa shafi biyu sau ɗaya ta haddace har da inda za ta yi tari, ita ce suna ɗaya zai gagara? Kuma wai ma, wa ya kawo sharaɗin nan na kiran suna? Ta tuna ranar. A nan ɗakin ne, ta rasa yadda za ta kulle ƙofar jirgi, Ɗanlarai ya ce, ba tare da ya juyo ba, me zai hana a ce sai uwarsa ta kira shi. Sunan ma shi ya bayar. Inna Hamsatu ma shi ya kawo, ya ce wata dattijuwa ce daga wajensu.

Ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki?"

"Kasuwar Muda Lawal."

"Cefane yanzu, gida na cin wuta?"

"Wutar zan je in ga inda ta tashi."

*

A layin 'yan hatsi ta same ta, zaune tsakanin buhun gero da na dawa, 'yarta Ummi tana auna wa wata mata.

"A'a, marubuciya da kanta! Ummi, ba ta kujera. Ya mutanen gida? Ya Mamanki da ƙafa?"

"Da sauƙi, Inna. Na zo mu ɗan yi bitar na gobe ne."

"To bismilla."

Dorcas ta karanta sau ɗaya. Inna Hamsatu ta gyara mayafi, ta mayar mata da shi tsaf, ba gargada, har matar da ke sayen gero ta tsaya da buhu a hannu tana share ido. Aka zo gaɓar.

"Fito, ɗana, fito... Lukman."

"Inna, Nu'uman."

"Shi na ce ai."

"Ce Nu."

"Nu."

"Ce uman."

"Ke 'yar nan, makarantar allo kika buɗe a kasuwa?" Ta yi dariya ta jawo mudu. "Tsufa ne. Harshe ya yi nauyi."

Harshen da yanzun nan ya gama zuba Hausa kamar ruwan famfo. Dorcas tana kallon ta, dattijuwar kuwa ta duƙufa tsince tsakuwa a geron da ba shi da tsakuwa ko ɗaya.

Sai wayar Ummi ta yi ƙara a kan buhu, dab da gwiwar Dorcas. Ba leƙe ta yi ba, idonta ne ya faɗa kai. An rubuta: Hamma Nu'uman.

Ummi ta ɗauka. "Hamma, ina wuni... E, tana nan... Ƙarfe nawa motar za ta zo goben?"

Muryar da ke fitowa daga wayar, ko cikin barci aka tashi Dorcas za ta gane ta. Kullum da ita take aiki. Ita ce muryar cikin jirgi.

Inna Hamsatu ba ta ɗago ba. Ta ce wa geron, "Wancan ne? Ki tambaye shi ko ya ci abinci."

Dorcas ta ninke takardar bitar ta mayar jaka.

Da ta yi sallama Ummi ta rako ta bakin titi neman Keke Napep. Ba su yi nisa ba Dorcas ta kama hannunta.

"Ummi, tsakaninki da Allah. Ɗanlarai wane ne a wajenku?"

Ummi ta waiga ta kalli rumfar. "Anti Dorcas, ki rufa min asiri."

"Ba mai ji."

"Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ɗan farin Inna."

"Ya Ubangiji! Kuma sunansa..."

"Nu'uman. Ɗanlarai a makaranta aka laƙaba masa."

Dorcas ta dafe kai. A Bauchi aka haife ta, da Fulani ta yi wasan ƙasa, ta san kunyar ɗan fari kamar yadda ta san hanyar gidansu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko wani mai irin sunan ta gani sai ta sakaya. Ta sani sarai. Kawai dai ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin yana zaune a ofishinta yana shan shayi da ita ba.

"Tun yaye Baffa ya ɗauke shi," in ji Ummi. "A can ya tashi. In ya zo gida Inna sai ta shige ɗaki. Ranar da ya gama jami'a ta wuni tana dama fura, ta ce a kai wa baƙin nan. Baƙo kuwa shi kaɗai ne. Mu mun san so ne. Shi kuma ya ɗauka..."

"To me ya sa ta yarda ta shiga fim ɗin?"

"Shi ya aiko ni in roƙe ta. Bai taɓa neman komai a wajenta ba sai wannan. Ba ta san da zancen suna ba sai ranar da aka karanta mata a gaban kamara."

"Ta fita mana, tunda ta gani!"

"Ta ce in ta fita aikinsa zai lalace."

Wato Inna ba ta iya faɗar sunan, ba ta iya tafiya. Makonni ke nan Dorcas na zagin tsufa a zuci, ashe baiwar Allah tana tsaye ne a inda gaba siyaki baya damisa. Tausayi ya kama ta, haushi kuma ya biyo baya, ta rasa wanda za ta fara saukewa.

*

Washegari da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya a kan dutsen Miri kamar shi ma kallo ya zo. Manoma sun bar gonakinsu sun yi da'ira, 'yan acaɓa sun kashe mashina. Obadiya sai kallon sama yake yana cizon yatsa.

Jirgin yana nan inda suka kafa shi, tsohon tankin ruwa da langa-langa, an shafe shi da fenti ruwan azurfa. A talabijin ƙofarsa da kanta take zugewa. A Miri kuwa igiya ce, mutum ke zama a ciki ya ja. Mutumin kuma Ɗanlarai ne.

A bayan tankin ta same shi yana warware waya.

"Nu'uman."

Wayar ta tsaya a hannunsa. Bai juyo ba.

"Ummi ce ko?"

"Bar zancen Ummi. Ka mayar min da fim tarko, Ɗanlarai? Ina can ina rubuta awaki, mutane na zagin uwata a intanet, kai kana zaune ka san komai?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri zai buɗe ƙofa?"

Ya juyo. Idanunsa sun kaɗa.

"Dorcas, Mamanki in za ta aike ki me take cewa?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Sunanki take kira. In ta ji haushi ta ja shi, in ta ji daɗi ta gajarta shi. Na sha ji a waya. Ni na haura talatin ban san yadda nawa yake a bakinta ba. Wancan. Yaron nan. Ɗan gidan Baffa. Na san al'ada ce, ba sai an faɗa min ba. Na ɗauka in a wasa ne, in ba ni take kira ba, wani ne a cikin jirgi, za ta iya. Sau ɗaya kawai nake so. In ɗauka in ajiye."

Duk masifar da Dorcas ta kwaso daga Yelwa sai ta neme ta ta rasa. Ta zaro takarda daga jaka.

"Na sake rubutawa. Jirgin ya gane tafin hannunta. Ta dafa ƙofa, ka ja igiya, labari ya wuce gaba. Ba wanda aka tilasta."

Ya kalli takardar, bai karɓa ba.

"Igiyar dai a hannuna take," ya ce, ya sunkuya ya shige tankin ta ƙaramar kafar baya.

"Ɗanlarai! In ba ka ja ba mun rasa filin nan!"



"Jama'a, haske na tafiya!" Obadiya ya ƙwala. "Ɗauka ɗaya ruwan nan zai bar mu mu yi. Ɗaya!"

Dorcas ta ruga wajen Inna Hamsatu, wadda ke zaune a kan turmi Ummi na gyara mata ɗaurin kallabi. Ta durƙusa.

"Inna, na canza. Ba sai kin faɗi komai ba. Ki dafa ƙofar kawai."

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi Ummi. Ummi ta sunkuyar da kai.

"Bakin wannan ba ya riƙe ruwa," in ji Inna. "Shi ya ce a canza?"

Dorcas ta so ta yi ƙarya. Ta kasa.

"A'a, Inna."

"To."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta taka zuwa gaban jirgin.

"Kowa ya yi shiru! Kamara... Akshin!"

Inna Hamsatu ta ɗaga hannu ta dafa ƙofar.

Ƙofa ba ta motsa ba.

Iska ta taso tana kaɗa ganyen dawa. Dorcas ta runtse ido. Shi ke nan, ta faɗa a ranta, Baƙon Miri ya mutu a bakin ƙofa. Obadiya ya buɗe baki zai ce a yanke, sai dattijuwar ta fara magana, kuma ba abin da ke takarda ba ne.

"Kai na ciki. Kana ji na?"

Dorcas ta damƙe hannun Obadiya. "Kar ka tsayar," ta raɗa masa. "Ko me za ta ce, kar ka tsayar."

"Ranar da aka zo tafiya da kai, ina bayan ɗaki ina daka. Ban fito ba. Aka ce kai, wannan yarinya akwai kunya, aka yabe ni. Ba wanda ya leƙa turmin ya ga ba komai a ciki."

Wata mata a cikin 'yan kallo ta ce, "Allah sarki."

"Uwata ba ta kira yayana ba. Kakata ba ta kira nata ba. Haka muka taras, ban kuma ce sun yi laifi ba. Amma kai kana can kana lissafin wai ban taɓa faɗin sunanka ba." Ta girgiza kai. "Yaro man kaza. Wa ya gaya maka? Kullum na idar da sallar asuba, kafin in roƙa wa kaina komai, sunanka nake fara faɗa. Cikakkensa, yadda liman ya raɗa maka. Shi wanda nake gaya wa ɗin ba a yi masa alkunya."

Ba a jin komai sai langa-langa na ƙara a iska. Mai kamara yana kuka yana ɗauka. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan takardar da ke hannun Dorcas, ba ta ko share ba.

Daga cikin tankin aka ji wani sauti, irin na babban mutum da ya toshe bakinsa da hannu.

Sai igiya ta yi ƙara.

Ƙiiii...

Ƙofar da ta gagari malaman jami'a da masu unguwa da awaki ta fara zugewa a hankali. Obadiya ya ɗora hannu biyu a ka. An samu! Kashi ya haɗu, fili ya tsira.

Inna Hamsatu ta sa tafin hannunta ta tare ƙofar.

"Tsaya."

Igiya ta tsaya.

"Mayar da ita. Ai ka ce ba ta buɗewa sai an kira." Ta gyara tsayuwa, ta juya ta kalli taron mutanen Miri, ta kalli kamara, ta kalli Ummi da ta toshe baki da mayafi. "Ban kira ba tukuna."

Ƙofar ta koma ta rufe.

Inna Hamsatu ta ja dogon numfashi, ta buɗe baki.